Harafin E ya sake mutuwa: na roba zan ƙara saya ko mai sifirin?

Maman_Ummi_Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da sakatariya a Yelwa, nan Garwa, kwamfuta uku, ni da yara biyu muke buga wa ɗalibai memuwa (kundin kammala karatu) da takardun neman aiki. Tun shigowar hunturun bana klabiye (allon madannan kwamfuta) biyu suka lalace mini, kuma duk hanya ɗaya suka bi. Harafin E ne ke fara taurin kai, sai an danna da ƙarfi kafin ya fito, daga nan dogon madannin tazara ya bi sahu. Jiya na gama shafi goma sha biyu, da na koma dubawa sai na tarar kalmomi da yawa babu E a cikinsu, haka na zauna ina cusa shi ɗaya bayan ɗaya har sha ɗaya na dare ta gota. Ƙanena da ke karatu a Ngaundere ya ce in daina zubar da kuɗi a na roba, in sayi wanda ake ce wa mekanik, mai sifirin ƙarƙashin kowane harafi. Na tambayi kuɗinsa, zai sayi na roba biyar ko shida. Don Allah masu sani, me ke cikin madannin nan da ya bambanta su? Kuma a ƙurar nan tamu wanne zai fi jurewa?

Sani_Domayo:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ƙanenki ya faɗa miki gaskiya. Shekara uku ke nan da nawa, ko harafi ɗaya bai taɓa ƙi ba. Araha ba ta ado.

Bappa_Mai_Gyara:
Hajiya, kafin ki sayi komai bari in gaya miki abin da ke cikin wanda kike da shi, don kusan kullum sai na buɗe irinsa a shago. In kika kwance kusoshin baya za ki ga shimfiɗar roba mai ƙananan ƙoƙuna a kife, kowane harafi da ƙoƙonsa. Ƙarƙashinta akwai leda uku a jere. Ta sama da ta ƙasa suna ɗauke da siraran layuka na tawada mai azurfa, su ne hanyar wuta. Ta tsakiya ba ta da layi ko ɗaya, huji kawai gare ta daidai kowane harafi, aikinta ta raba biyun kada su taɓa juna. Idan kin danna, ƙoƙon ya lotsa, ɗan tsinin da ke cikinsa ya tura ledar sama ta ratsa hujin ta taɓa ta ƙasa, shi ke nan harafi ya fito. Kina ɗaga yatsa robar ta miƙe ta mayar da madannin. Wato robar nan ita ce sifirin ɗin, ita ce kuma ke ba yatsa wannan ɗan jin na cewa abu ya faɗa.

Dalilin da E ke riga kowa mutuwa kuwa, Faransanci kike bugawa, kuma babu harafin da ya kai E yawa a Faransanci. Ƙoƙonsa na lotsawa sau dubbai a rana alhali na kusa da shi na hutawa. A hankali wuyan ƙoƙon ya saki, wani lokaci ya tsage ta gefe. Zafin Garwa ma ba ya raga wa roba mai arha.

Maman_Ummi_Garwa:
Ikon Allah. Malam Bappa, shekara bakwai ina wannan sana'a ban taɓa sanin leda ce a ciki ba. To tsagaggen ƙoƙo yana gyaruwa?

Bappa_Mai_Gyara:
Yana gyaruwa, kuma ba sai kin kawo mini ba. A saman klabiye ta dama akwai madannai da ba wanda ke taɓa su, irin su Pause da Arrêt défil. Ƙoƙunansu sabbi ne fil. In naki irin mai ƙoƙuna ɗai-ɗai ne, musanya kawai za ki yi. In shimfiɗa ɗaya ce, ki sa reza ki yanko na Pause a zagaye, ki yanke na E, ki ɗora wancan a gurbinsa. Ki ɗauki hoton klabiyen da waya kafin ki fara, kuma kada ki goge ledojin da jiƙaƙƙen tsumma.

Injiniya_Kusiri:
Bayanin Malam Bappa ya yi. Ni kuma bari in yi na mai sifirin. A nan kowane harafi akwatinsa daban, ɗan ƙarami, an liƙa ƙafafunsa da dalma a kan faranti. Cikin akwatin abu uku ne: sandar roba mai tauri da ke hawa da sauka, sifirin na ƙarfe a ƙarƙashinta, da harsunan ƙarfe biyu a gefe. Idan madanni na hutawa, ƙafar sandar ce ke tokare harshe ɗaya ta hana shi taɓa ɗan uwansa. Kina dannawa sandar ta sauka, tokarar ta kauce, harsunan su haɗu. Wanda ya fi shahara shi ne Cherry MX na wani kamfanin Jamus, ya fito tun 1983. Kan sandarsa kamar alamar tarawa yake, a nan hular harafin ke zama. Daidai inda harsunan ke haɗuwa an shafa zinariya don kada tsatsa ta hana wuta wucewa, kuma kamfanin ya daɗe yana cewa kowane madanni zai ɗauki dannawa miliyan 50.

Babban bambancin da yatsa ke ji shi ne wannan: tafiyar madannin milimita 4 ce, amma harafi na fita tun a wajen milimita 2, wato rabin hanya. A na roba dole ki kai har ƙasa ki matse ledar. Mai buga shafi talatin a rana, wannan bugun ƙasan ne ke tara masa ciwo a gaɓoɓin yatsu.

Launin sandar kuma yana gaya miki halinsa. Ja yana sauka sumul ba tangarɗa, nauyin wajen giram 45 ya ishe shi. Baƙi haka yake amma ya fi tauri, wajen giram 60. Mai ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a ƙafar sandar, za ki ji shi a yatsa daidai lokacin da harafi ke fita. Shuɗi kuwa sandarsa biyu ce a haɗe, akwai wata 'yar farar riga da ke suɓucewa ta faɗa ƙasa da kanta, ita ce ke yin ƙas ɗin nan da ake ji.

Hadiza_Dang:
Don Allah Anti kada ki sayi shuɗin. Wata a ɗakinmu na makaranta ta zo da shi, da ta fara rubutu bayan isha'i ba mai iya barci. Ku uku a shago ɗaya, ga mai jiran takarda yana son ya yi miki gyara, ba za ku ji juna ba.

Zara_Dembe:
Ni ban yarda da Sani_Domayo ba, kuma ba da ka nake magana ba. Ina aikin lissafi a wani shagon kayan gini a Njamena. Na sayi mai sifirin, ba na Jamus ba, irin na Sin da suka cika kasuwa yanzu. Wata huɗu lafiya lau. Da iskar hunturu ta taso sai ya fara ninka harafi, in danna 5 sau ɗaya ya rubuta 55. Ku duba abin da wannan ke nufi ga mai rubuta kuɗi. Sau biyu ina ba mutum takardar da lissafinta ya kauce, Allah ya taimake ni na gano kafin ya fita. Mu nan ƙurar Bodele ce ke sauko mana daga arewa, laushinta kamar garin alkama, ba inda ba ta shiga. Tsohon na roban da na ajiye shi na ɗauko, har yau shi nake amfani da shi.

Sani_Domayo:
Zara, jabu kika saya. Ba laifin sifirin ba ne.

Bappa_Mai_Gyara:
A'a Sani, kada ka yi saurin yanke mata hukunci. Abin da ta faɗa na gani da idona har a masu tsada. Akwatin madannin yana da 'yar kafa a kewayen sandar, dole ne, in ba haka ba sandar ba za ta motsa ba. Ta nan ƙura ke bi ta sauka kan harsunan. A na roba kuwa wurin haɗuwar wuta yana lulluɓe tsakanin ledoji, ga shimfiɗar roba a sama kamar bargo. Ƙura ba ta cika kai wa can ba. Abin da take yi wa na roba shi ne ta taru a bututun da ƙafar madanni ke zamewa a ciki, sai ya riƙa cijewa, musamman in an danna shi ta gefe. Wannan wanki kawai yake so. Don haka in ana maganar ƙura zalla, na roba ba kanwar lasa ba ne.

Injiniya_Kusiri:
Haka ne, kuma ninka harafin yana da dalili. Duk lokacin da ƙarfe biyu suka haɗu ba sa zama nan take, sai sun ɗan yi tsalle, su haɗu su rabu sau da yawa cikin ƙiftawar ido. 'Yar ƙwaƙwalwar da ke cikin klabiye ta san da haka, shi ya sa take jira kamar kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ta yarda cewa dannawa ɗaya ce. Idan ƙura ko datti ya hau harshen, tsallen ya fi wannan lokacin tsawo, sai ta ƙirga biyu. Irin wannan ne ke samun linzamin kwamfuta in ya tsufa, ka danna sau ɗaya ya buɗe abu kamar ka danna biyu. Maganinsa a cire hular, a ɗiga sifirit mai ƙarfi irin na masu gyaran waya a cikin akwatin, a yi ta dannawa, a bar shi ya bushe sarai kafin a haɗa da wuta. Akwai kuma irin da Kailh ke yi mai suna BOX, an killace harsunan a wani ɗan ɗaki nasu daban saboda ƙura da ruwa. Wasu ma babu harsuna sam, haske ne sandar ke tsinkewa, ko maganaɗisu ne ke kusantar wani ɗan ma'auni. Waɗannan ba su da ƙarfen da zai yi tsalle.

Malam_Tanko_Ritaya:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Na fara aiki da keken rubutu, wanda sai ka sa ƙarfin kafaɗa kafin harafi ya bugi kirtani. Da aka kawo kwamfuta ofishinmu, klabiyen da ya zo da ita na IBM ne, wanda ake kira Model M, an fara yin sa a 1985. Nauyinsa ya kai kilo biyu, akwai farantin ƙarfe a cikinsa. Sifirin ɗinsa a tsaye yake cikin bututu. Kana dannawa yana matsuwa, yana matsuwa, sai ya kai inda ba zai iya ba ya lanƙwashe gefe ɗaya farat ɗaya, ya bugi bangon bututun. Wannan lanƙwasar ce ke karkata wata 'yar guduma a ƙasa ta bugi leda. To ƙarar da kunne ya ji, da sakin da yatsa ya ji, da fitar harafin, duk abu ɗaya ne a lokaci ɗaya. Ban taɓa buƙatar kallon allo don in san harafi ya fita ba. Shekara goma sha ɗaya na yi da shi, aka canja kwamfuta sau uku, ni dai na ce a bar mini klabiyena. Ranar da na yi ritaya na so in roƙa a ba ni shi, kunya ta hana ni. Har yau ina tuna shi.

Injiniya_Kusiri:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Kun ga abin lura a nan, Model M ɗin ma leda ce a ƙarƙashinsa, irin wadda Malam Bappa ya kwatanta. Ashe ba ledar ce matsala ba, abin da ke saman ta ne. Har yanzu wani kamfani mai suna Unicomp yana yin irinsa a Amurka.

Ali_Gidar:
Ni tambayata daban. Waɗannan masu sifirin da ake kawowa ta Mubi duk QWERTY ne, wato jerin haruffa irin na Ingilishi. Hajiya da yaranta hannunsu ya saba da AZERTY, irin na Faransanci. Ina za ta samu é da è da ç?

Hadiza_Dang:
Wannan ba a madanni yake ba Yaya Ali, a cikin kwamfuta ake zaɓa. Klabiye lambar gurbi kawai yake aikawa, kwamfuta ce ke cewa gurbin nan A ne ko Q. Sai dai abin da aka zana a kan hulunan ba zai dace ba. Wanda ke bugawa ba ya kallo ba ruwansa, ɗan tudun da ke kan F da J ya ishe shi.

Ali_Gidar:
Na gane, amma ki lura, na Amurka yana da ƙarancin madanni ɗaya kusa da Shift na hagu, kuma Entrée (Enter) ɗinsa siriri ne a kwance. Wanda ya saba da babban Entrée zai yi ta bugun na samansa. Na sha wannan wahalar wata guda cur.

Modibbo_Marwa:
Tunda an zo nan, ni kukana a kan harsunanmu ne. Ina rubuta darussa da Hausa da Fulatanci. A Hausa A ce ta fi kowane harafi yawa, a AZERTY kuma an kai ta can sama ta hagu, ƙaramin yatsa ne ke miƙawa ya same ta. In na yi awa biyu ina rubutu, ɗan yatsan nan har zugi yake. Ga ɓ da ɗ da ƙ da ƴ babu su a ko'ina, sai an girka wani tsari daban an haɗa madanni biyu. Ni a wurina madanni mai laushi, wanda ba sai an kai shi ƙasa ba, ba ƙawa ba ce.

Bappa_Mai_Gyara:
Allah ya gafarta Malam, shi ya sa klabiyen malaman Hausa da ake kawo mini A ce ke mutuwa, na masu Faransanci kuma E. Tun kafin mutum ya buɗe baki nakan gane aikinsa daga hular da ta goge.

Abbo_Kiyos:
Ku taimaka mini ni ma, ko da yake tawa ba kwamfuta ba ce. Ina tura kuɗi a kiyos, ƙaramar waya mai madannai nake aiki da ita. Madannin # da na tsakiya sun daina yin ƙas, sai na danna da farce. Roba ce ita ma?

Bappa_Mai_Gyara:
Abbo, taka ƙarfe ce. Ƙarƙashin kowace lamba akwai ɗan faifan ƙarfe mai doro, bai fi ƙwayar gero uku a jere ba, an manne su duka a jikin farar takarda mai gam. Gefensa na zaune kan zobe, tsakiyarsa na sama. In ka danna, doron ya juye ciki ya taɓa ɗigon da ke tsakiya, shi ne ƙas ɗin. Gumi da datti ne ke shiga, ko ƙarfen ya gaji ya kwanta. Ana ɗaga takardar a goge wurin da sifirit, in ya kwanta a ɗauko na matacciyar waya a sa. Madannin kunna waya da na rediyon mota duk danginsa ne. Na telekomand (rimot) kuwa daban, roba ce da ɗan baƙin ɗigo na gawayi a ƙasanta, shi ke haɗa layuka biyu a faranti.

Ali_Gidar:
Na telekomand fensir nake goga wa ɗigon, ya tashi.

Bappa_Mai_Gyara:
Yana tashi, amma na kwana kaɗan ne. Ka fara wanke maiƙon da ke taruwa a farantin tukuna, sau da yawa shi ne kawai matsalar.

Zara_Dembe:
Mu dawo kan tambayar Maman Ummi. Ba a yi maganar ruwa ba. Yaran shago suna shan shayi kusa da kwamfuta, na tabbata. Wanne ya fi jure wannan?

Injiniya_Kusiri:
A nan na roba ke faɗuwa. In shayi ya sami gefen ledojin, tsotse shi suke yi zuwa ciki, ya kwanta tsakaninsu ya ƙi bushewa, ya cinye layin azurfar. Kuma madannai ba kowanne da wayarsa ba, an jera su ne layi-layi a tsaye da a kwance kamar saƙar tabarma. Layi ɗaya ya tsinke, haruffa shida ko takwas su mutu tare. Duk wanda ya ga rukunin haruffa sun ɗauke lokaci guda, to layi ne, ba ƙoƙo ba. A mai sifirin sukari na sa sandar ta manne, amma ana iya cire wanda ya lalace kaɗai a liƙa sabo. Wasu ma yanzu ba dalma, zare shi ake yi kamar haƙori a cusa wani.

Sani_Domayo:
To kun ji. Abin da nake faɗa ke nan tun farko, ana gyara shi harafi-harafi.

Zara_Dembe:
In akwai kayan gyaran a kusa ba. A Garwa wa ke sayar da madanni ɗai-ɗai? Sai an aika Duwala ko Kano, ita kuma aiki ba zai jira ta ba.

Hadiza_Dang:
Ƙura ba ta bar manya ba ma. Apple sun fito da wani siririn madanni a kwamfutocinsu na hannu a 2015, wanda ke buɗewa kamar fiffiken malam-buɗe-littafi. Tafiyarsa ta yi ƙanƙanta har ɗan tsaki ya isa ya tsayar da shi. Mutane suka yi ta ƙorafi, zuwa 2020 suka koma irin na almakashi da sauran kwamfutocin hannu ke amfani da shi, wato 'yan sanduna biyu a gicciye da ƙaramin ƙoƙon roba a tsakiya.

Maman_Ummi_Garwa:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayan la'asar na shimfiɗa zane a kan tebur na buɗe ɗaya daga cikin matattun. Kusoshi goma sha huɗu, biyu a ɓoye ƙarƙashin takardar da aka manna a baya. Abin da na gani a ciki ya ba ni mamaki: jar ƙura ta yi kauri a kowane lungu, ga ɓawon gyaɗa, ga ƙusar maƙala takarda har uku. Na ɗaga shimfiɗar robar na duba ta a hasken taga, sai ga ƙoƙon E ya tsage rabin zagaye, daidai yadda Malam Bappa ya ce. Na yanko na Pause na sa. E yana fita yanzu da taɓawa ɗaya, har na buga shafi biyu na gwada. Amma madannin tazara yana nan yadda yake, in na danna tsakiya ya yi, in na danna gefen dama da babban yatsa sai ya karkace ya cije.

Bappa_Mai_Gyara:
Madalla Hajiya, hannunki na gyara ne. Na tazara ba ƙoƙo ba ne. Ki ɓalle shi a hankali ki juya, za ki ga wata siririyar waya ta ƙarfe mai lanƙwasa a kai biyu. Aikinta in an danna gefe ɗaya ta ja ɗaya gefen su sauka tare. Ko dai ta fita daga maƙalinta, ko ɗan kunnen robar da ke riƙe ta ya karye. In fita ta yi, ki fara saƙala ta a ƙugiyoyin ƙasa kafin ki danna madannin ya zauna.

Abbo_Kiyos:
A ɗiga masa man keke mana ya yi santsi.

Bappa_Mai_Gyara:
Kada a kuskura. Man keke da man gyaɗa ƙura suke kira, cikin sati biyu sai ya zama taɓo. Fetur kuma yana cin robar. A wanke hulunan da ruwan sabulu, a shanya a inuwa, bututun a share da busasshen buroshin haƙori. In dole sai an sa wani abu, ɗan man silikon kaɗan a kan wayar kawai.

Modibbo_Marwa:
Ni dai da zan ba da shawara, Hajiya ta sayi mai ruwan ƙasa guda ɗaya don kanta, tunda ita ke buga mafi yawa, ta bar wa yaran na roba. In damina ta zagayo ta gaya mana wanda ya rage.

Zara_Dembe:
In za ta saya, ta ɗinka masa riga ta rufe shi duk dare, kuma ta riƙa kife shi tana kaɗewa kafin ta tashi. Ni ban yi haka ba da nawa.

Maman_Ummi_Garwa:
Na duba, kunnen ne ya karye ta dama. Zan cire na ɗayan mataccen in gwada gobe in Allah ya kai mu. Maganar saye kuma ban yanke ba tukuna, sai na ga abin da watan nan ya bari. Malam Injiniya, wancan mai killataccen ɗaki da ka ambata, ana samun sa da babban Entrée irin namu, ko duk na Amurka ne?